'Yar Farin Yaya a Faransa

Yayata ta haura shekara ashirin a Manchester ba ta taɓa taka ƙofar gidan tarihi ba. Idan makarantar yaranta za ta kai su kallon tsofaffin injinan saƙa, sai ta ce Allah ya kiyaye hanya, ita kam ba ta ga abin kallo a ƙarfen da ya daina aiki ba. Shi ya sa ranar da ta kira ni ta ce ta ji labarin wani gari a gefen Paris mai tsofaffin gine-gine da lambuna, kuma tana so ta je ta gani da idonta, sai da na ajiye cokalin da ke hannuna.

"Yaya, ke ce za ki je kallon gini?"

"Laifi ne? Gani ya kori ji. Ki duba mana jirgin ƙasa, ke kika iya waɗannan abubuwan."

Na san garin, ita ma ta san na sani. 'Yarta ta fari ce a can. Jami'a ce ta tura ta shekara guda saboda Faransancin da take karantawa, shekarar ta ƙare, sai yarinyar ta kira ni, ni ƙanwar uwarta da ke Birmingham, ta ce ba za ta dawo ba. Ta samu aiki a gidan tarihin garin, za ta ƙarasa karatun a can. Da na ce uwarki fa, sai ta yi wata dariya da ban so ba, ta ce, "Anti, ko lura ba za ta yi ba. One less plate." Nufinta dai an rage kwano ɗaya a wanke-wanke. Na kwana biyu ina juya maganar kafin na kai wa Yaya, na tankaɗe ta na bar mata garin kawai. Ta ce "to," ta tambaye ni ko tumatir ya yi araha a wajenmu. Bayan mako guda sha'awar gine-gine ta taso mata.

Gidanmu a Kano gidan alkunya ne, akwai jinin Fulani ta wajen kakarmu. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi, in da baƙo a wurin ko ido ba ta haɗawa da shi. Yaya ce 'yar farin Innarmu, kuma har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, sai "waccan" ko "mutuniyar Kaka." Amma Yaya ba ta taɓa jin an rage ta da komai ba. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ɗakin Kaka, inda ta sha gata har mu ƙannenta muka riƙa jin haushinta. Ƙanzon tuwo nata ne, kan kaza nata ne, Gwaggo ta yi mata kitso, Kawu ya ɗora ta a keke. Shirun Inna bai dame ta ba, don gidan cike yake da masu yi wa Inna magana.

Wannan tarbiyyar Yaya ta ɗauko cak ta kawo unguwar Moss Side a Manchester, ta shigar da ita wani siririn gida mai ɗaki biyu a sama, wanda bangonsa ɗaya yake haɗe da na wata tsohuwa 'yar Jamaika, ɗayan kuma da na wasu 'yan Somaliya. Alkunyar ta iso lafiya, Kaka da Gwaggo da Kawu ne ba su samu biza ba. Yaya ta yi wa yarinyar komai, wanka, abinci, jinya, amma da baki rufe. Ƙannenta maza biyu kuwa sunayensu har waƙa take yi da su, autan ma yana da gemu-gemu tana ce masa ɗan lelenta. Yarinyar tana tsaye tana kallo, ita sunanta "ke" ko "yarinyar nan."

Ni ce na zama Kakar da Gwaggon gaba ɗaya. Da na zo karatu na kama ɗaki a unguwar Selly Oak a Birmingham, kusan duk ƙarshen mako sai na hau bas na tafi Manchester, na yi mata kalba, na kira sunanta har ya ishe ta. Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Kwalejin da nake koyarwa ta mayar da mu 'yan awa-awa, Asabar ta zama ranar aiki. Mijin Yaya, injiniyan hanyoyi ne, aka rushe sashensu a ƙaramar hukuma, ya tafi neman abinci ƙasashen Larabawa, sai da sallah ake ganinsa. Laburaren unguwarsu, inda wata ma'aikaciya take ajiye wa yarinyar littattafai tana ce mata haziƙa, aka fara rufe shi da rana tsaka, daga baya aka sa masa kwaɗo. Ko lambun bayan layinsu an daina yanke ciyawarsa. Duk wuraren da yarinyar ke zuwa ta ji wata kalma mai daɗi, a 'yan shekarun nan suka ƙafe.

Ranar da sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare ya fito, ta fi kowa a ajinsu. Ta kawo wa Yaya, Yaya ta ce madalla, a je a kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Washegari ta tashi da azumin godiya, ta dafa shinkafa tukunya guda ta aika masallaci sadaka. Ni na gaya wa yarinyar wannan a waya, ina murna na kawo mata hujja. Ta ce, "Anti, me ya sa kullum daga bakinki nake ji?" Sai na tambaye ta me take so na saya mata.

Ana gobe tafiya Yaya ta sauko Birmingham da wata jaka mai nauyin tsiya. Dambun nama ne cike da robobi, ta yi kwanaki tana daka tana soyawa, ga yaji, ga kuka, ga daddawa an naɗe da leda kan leda. Ta tura min jakar da ƙafa ta ce in mun je na ce ni na yi.

Na ce, "Yaya, mu daina ɓoye-ɓoye. Ba gini za mu je gani ba. Magana ɗaya ce, ki dube ta ki ce kina kewarta, ta dawo gida."

"Ke ce mai baki, ki faɗa."

"Na faɗa har na gaji. Naki take so."

"Zuwan ma ai magana ce," in ji ta. Ta tashi ta shiga goge min murhun girkina, wai ban san tsafta ba.

Mun bi ta London, muka shiga jirgin ƙasan nan da ke ratsawa ta ƙarƙashin teku, Yaya tana jan carbi har muka fito ɗaya ɓarin. Daga Paris muka sake hawa wani ƙarami, ya yi ta tsaye-tsaye tsakanin dogayen benaye masu shanya a baranda, har gidajen suka fara gajarta, bishiyoyi suka yawaita. Yarinyar tana jiranmu a tasha. Ta rungume ni har na ji ƙashina, sannan ta juya ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Mum."

Yaya ta ɗaga kai tana duban agogon tashar kamar ita aka aiko ta gyara shi. Ta ce, "Mun same ku lafiya?"

Wannan "ku" ɗin ya ba ni haushi, mutum ɗaya ce tsaye a gabanta. Amma yarinyar ta saba, ta karɓi jakunkuna ta kai mu masaukinmu, ta ce da safe za ta zo ta zaga da mu gari, tunda abin da Mum ta zo gani ke nan.

Ta yi shiri kuwa. Ta fara da tsohuwar cocin da ke tsakiyar gari, wadda duwatsun ƙofarta suka lotsa saboda takun mutane. Na ɗauka Yaya za ta toge a waje, sai na ga ta gyara mayafi ta bi mu ciki. Akwai sanyi da ƙamshin kyandir. Yarinyar tana bayani ƙasa-ƙasa da Hausarta mai gauraye da Turancin Manchester, cewa wannan ɓangaren ya fi wancan tsufa, an taɓa yin gobara aka sake rufin. Yaya ta ƙura wa tagogin gilashi masu launi ido, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen atamfa.

"Tambaye ta," ta ce da ni, "shuɗin nan rini ne ko haka gilashin yake?"

Yarinyar tana nan kusa da kafaɗarta. Na ce Yaya ai ta ji ki. Yarinyar ba ta jira ni ba, ta amsa da sauri. Na lura ta ɗauka yau ta samu abin da zai sa uwarta ta saurare ta, sai ta ƙara ƙaimi. Ni kuma tun nan na ga tsarin da za a wuni a kai.

Daga nan muka gangara wani lungu mai shimfiɗar duwatsu zuwa bakin rafi, inda wata tsohuwar rumfar wanki take. Rufin katako ne a kan ginshiƙai, ga duwatsu masu gangare jere a bakin ruwa inda matan garin suke durƙusawa su yi wanki a zamanin da, har a tsakiyar hunturu. Nan ne kaɗai na ga Yaya ta saki jiki. Ta sunkuya ta shafa dutsen, ta ce matan nan sun ga duniya, ashe Turawa ma sun san bugun wanki. Ta kwaikwayi yadda Gwaggonmu take cije leɓe in tana matse zani, yarinyar ta fashe da dariya, ni ma haka. Da za mu hau matakala, dutsen da santsi, yarinyar ta kama hannun uwarta. Yaya ta bar mata hannun taki biyu ko uku. Sai ga wasu mata da miji sun ɓullo da karensu, nan take ta zare hannun ta kama gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

Gidan tarihin da yarinyar ke aiki tsohuwar fadar wani basarake ce da gari ya karɓe. Masu tsaron ƙofa suna ganinta suka washe baki, suna kiran sunanta da irin lafazinsu. Ta nuna mana ɗakin cin abinci mai teburin da zai ɗauki unguwa guda, da gadon da ya fi kama da rumfar biki, da hotunan mutanen gidan, duk da gashin aro a ka da hanci a sama. Yaya ba ta bar komai ba. Ta leƙa cikin murhun dumama ɗaki, ta karanci zanen rufi har wuyanta ya ƙage, ta sa na tambayi wa ke share duk wannan. Wanda ya gan ta zai rantse gine-gine ta karanta a jami'a.

Bayan fadar ne lambun yake, kuma ko ni da ban zo don shi ba sai da na tsaya. Doguwar hanya ce miƙe sak, bishiyoyi a jere dama da hagu an aske musu kai daidai wa daida, a ƙarshenta dogon tafki da fararen agwagi masu dogon wuya. Ciyawa luf, ba ko leda ɗaya. Na tuna lambun bayan layin su Yaya da bencinsa mai ƙafa uku. Na ce a raina, yarinyar da ke fitowa aiki ta tarar da wannan, da me za mu ja ta ta koma, in ba da uwarta ba.

A can muka tarar da matar da yarinyar ke haya a gidanta, ta shimfiɗa bargo a inuwa da kwandon abinci. Tsohuwa ce 'yar firit, malamar makaranta mai ritaya, mijinta ya rasu, idonta ya fara rauni. Ta sumbaci yarinyar a kumatu biyu, ta riƙe fuskarta da tafin hannu, sannan ta nufo Yaya za ta yi mata haka. Yaya ta ƙame kamar an ce za a yi mata allura, amma ta daure. Tsohuwar ta yi ƙoƙari, ba naman da za mu yi shakka a kwandon, sai burodi da cuku da ƙwai da wani kek na tuffa. Ba ta jin Turanci sai kaɗan, mu ba ma jin Faransanci, saboda haka yarinyar ce tafinta.

Muna cikin ci tsohuwar ta dafa gwiwar Yaya ta yi wata doguwar magana. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da ɓawon ƙwai.

Na ce, "Me ta ce?"

"Wai... wai ina karanta mata littafi da yamma saboda idonta. Wai tun da na zo gidan ya dawo gida. And that you must be very proud, Mum. Wai dole kina alfahari da ni."

Ta faɗi ƙarshen a hankali, ta ɗago ta dubi uwarta. Ni ma na dube ta, ina roƙon Allah a zuci ko "ƙwarai" kaɗai ta ce.

Yaya ta gyara zama, ta ajiye burodin, ta fuskanci tsohuwar da irin ladabin da ake yi wa surukai. Na san wannan zaman, na san abin da ke biye da shi, don na sha ganin iyayenmu mata suna yi idan sun je gaida wanda ke riƙon ɗansu.

"A ce mata mun gode, Allah ya saka da alheri. Ta yi ta haƙuri da ita, yarinya ce marar kan gado, ga ƙiwa, ga barcin safe, ba abin da ta iya. In ta yi ba daidai ba ta hukunta ta, kada ta duba kowa. Ni na bar mata ita. 'Yarta ce, ba tawa ba."

A Kano wannan magana zinariya ce. Mai riƙo zai ce haba, ai yarinyar kirki ce, a yi dariya, kowa ya san uwar ta zo ne ta durƙusa don a ƙara kula mata da ɗiya. Amma a Kano ba a sa ɗiyar ta fassara da bakinta. Na yi wuf na ce, "Ki ce mata kawai Mum ta gode."

Yarinyar ba ta ko kalle ni ba. Ta juya ga tsohuwar ta fara Faransanci, a nitse, jimla bayan jimla. Ba na jin yaren, amma na ga tsawon maganar daidai yake da ta Yaya, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Na ga murmushin tsohuwar yana janyewa. Ta dubi Yaya, ta dubi yarinyar, sannan ta jawo hannun yarinyar ta ɗora a cinyarta ta rufe da nata biyu, ta faɗi wani abu gajere.

"Ta ce in haka ne ta karɓa," in ji yarinyar.

"Madalla," in ji Yaya. Ta ɗauki burodinta, hankalinta kwance, ta sauke nauyi.

Na shiga haɗa Turanci da hannu ina yi wa tsohuwar bayanin al'ada ce, ba haka ake nufi ba. Yarinyar ta ce, "Anti, leave it. Ina jin Hausa." Ta miƙe ta ce za ta je ta ga agwagi.

Na bi ta bakin tafkin. Tana tafe da sauri, hannu cikin aljihu, ina binta ina haki ina zuba. Na ce kin san abin da ake nufi, haka Inna ta faɗa a kan uwarki, wanda aka fi so shi ake ɓoyewa, matar da ko London ba ta son zuwa ta ratso ƙarƙashin teku saboda ke. Ta tsaya cak.

"Na sani, Anti. I know the culture. Tun ina primary ake min bayaninsa. Ita da aka faɗa a kanta, tana da Kaka a ɗaki na gaba. Ni wa nake da shi a ɗaki na gaba? Boiler mai dumama gida?" Ta ja numfashi. "Don Allah ki daina fassara min uwata. Na gaji da subtitles."

Na so na yi mata faɗa a kan rashin kunya, na fasa. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don duk abin da ta faɗa gaskiya ne kuma ba inda zai kai mu.

Na koma na tarar tsohuwar tana tattara kwando, Yaya kuma ta matsa wani benci gaban jerin itatuwan lemo da aka dasa a manyan akwatunan katako. Ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura sumtum. Kafin na buɗe baki ta ce wai in sanyi ya zo tura itatuwan nan ake yi cikin ɗaki, ka ji aiki.

"Yaya, bar zancen lemo. Kin san abin da kika yi?"

"Me na faɗa da Inna ba ta faɗa a kaina ba?"

"A nan ba haka ake jin sa ba. Ce wa yarinyar kika yi ba kya son ta, kuma kika sa ta faɗa wa duniya da bakinta."

"So kike na zauna gaban baƙuwa ina yabon abin da na haifa, baki ya kama ta? Matar nan ita ke gani ta ci ko ba ta ci ba. In zazzaɓi ya kama ta ita ce a kusa, ba ni ba, ba likitanmu ba. In ban ƙasƙantar da kai na ba ta girmanta ba, wa zai riƙe min ita da kyau?"

"To ki ce ta dawo, ki riƙe abarki."

Ta daɗe tana murza yatsun ƙafarta. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"In na ce ta dawo ta ce a'a fa? Yanzu ko ba komai ban tambaya ba."

Nan na gane tsoro ne fal cikinta, alkunyar ma ta samu abin fakewa ne. Na zauna kusa da ita, muka yi sallar azahar da la'asar a haɗe a kan bencin, wasu masu wucewa suna satar kallonmu. Na bar sauran ga washegari.

Washegari yarinyar ta rako mu tasha. Na miƙa mata jakar dambun, ta buɗe roba ɗaya ta sansana.

"Ke kika yi, Anti?"

"Ni na taɓa iya dambu? Uwarki ce. Har hannunta ya yi kanta wajen daka."

Yaya ta harare ni ta ce ragowar na yaran ne, kada ya lalace. Yarinyar ta mayar da murfin a hankali. Da aka sanar jirgi ya kusa, ta zo ta tsaya daidai gaban uwarta, kusa ƙwarai, yadda ba hanyar kaucewa.

"Mum, akwai abin da za ki ce min?"

Na ga leɓen Yaya ya motsa. Na rantse ya motsa. Idonta yana kan allon da ke nuna lokutan jirage, can sama da kan yarinyar.

"Allah ya yi albarka," ta ce. "A riƙa sallah a kan lokaci."

"Amin," in ji yarinyar. Ta rungume ni, ta ɗauki jakar, ba ta jira tashin jirgin ba.

Ba ta dawo ba a shekarar, ba ta dawo ta gaba ba, har yau tana can. Takan zo da sallah wani lokaci, ta sauka a wurina a Birmingham, ta je Manchester ta wuni ta dawo.

A hanyarmu ta komawa ban yi wa Yaya magana ba har muka bar London, fushi nake. Ita ce ta yi ta zuba ba a tambaye ta ba. Ta lissafo launin kowace tagar cocin, da zanen kifin da ke jikin murhun fada, da tsagar da ke ginshiƙin rumfar wanki, da agwagwar da fiffikenta ɗaya ya karkace. Ban san ta da irin wannan riƙon ba. Muna wuce wasu gonaki da tumaki sai ta juya wajen taga. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ta rame?"

"Ai kina wurin."

"Bayanta na gani. Dunduniyar takalminta na hagu ta cinye, rigar sanyin nan kuma ba ta da kauri, ki ce ta sayi wata. Fuskar nake tambaya."

Na juyo na dube ta sosai. Wuni guda da safiya tana tare da 'yarta, ta haddace gari guda don ta samu inda za ta ajiye idonta. Fushin ya zube, na ji kamar na yi kuka a cikin mutane.

Na ce ta ɗan faɗa, kumatun sun tafi. Na ce ƙasan idonta ya yi duhu, alamar ba ta samun barci. Na ce tana ƙara kama da Inna, musamman in ta tsuke baki.

"Da na yi maganar nan gaban tsohuwar, ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba."

Yaya ta gyaɗa kai. Mai tura keken shayi ya zo ya wuce, ba wadda ta tsayar da shi.

"A tasha fa," ta ce, "da ta tsaya gabana. Yaya idonta yake?"

Na fara gaya mata, ta matso da kunnenta saboda ƙarar jirgin.